Shanun Alhaji da Iyakar Gamba

Malam Haladu, ka tambaye ni me ya sa babbar ƙasa a duniya ke zuwa wa ƙananan ƙasashe da wa'azi a baki, taki a mota. To, ga misali.

An yi wani Alhaji, attajirin manomi mai shanun huɗa, bakinsa ba ya rabo da zancen haƙƙin maƙwabtaka. Kada ka ce ƙarya yake yi, shi ma ya yarda da zancensa, in ya ɗauko shi har idonsa kan ciko. Sai dai alherinsa ya san hanya, wanda gonarsa ta kusanci fadama shi ne maƙwabci. A cikinsu akwai wani ƙaramin manomi, da an yi ruwan shuka sai shanun Alhaji su zo su huɗe masa gona kyauta, ga buhun taki. Gogan naka ya ji daɗi, ya sayar da garmarsa, ya shiga yawon cewa duk garin babu mai tsoron Allah kamar Alhaji.

Wata bazara Alhaji ya ce bakin fadamar wani tsoho nasa ne tun kakanni, kuma in ya karɓa zai yi noman rani kowa ya amfana. Aka je gaban dagaci. Al'adar garin, maƙwabcin gona ake kira ya taka iyaka da ƙafarsa, sai aka kira ƙaramin manomin nan. Shi kuwa yana yaro da hannunsa ya miƙa wa tsohon saiwar gamba ranar da aka dasa ta a kan iyakar. Ya zo daidai wurin, an ƙone gambar amma yana jin tushenta a tafin ƙafarsa. Ya ɗaga kai ya hangi shanun Alhaji a inuwa, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Sai ya wuce, ya yi ta tafiya har bakin ruwa, ya ce nan ne.

Tsohon bai zage shi ba. Cewa ya yi, "Sannu da aiki, ɗana. A gaida mutan gida." Da ma marinsa ya yi da ya fi sauƙi. A daminar nan ƙaramin manomin ya cika rumbu, amma ya daina bi ta ƙofar tsohon, ko a masallaci sahun baya ya koma. Abin kunya ne, Malam, kuma ba sai na faɗa maka su wa ke irin wannan tafiya ba in manyan duniya suka kira shaida. Hausawa sun gama magana: kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.