Ɗan Fito da Mayafin Ƙarshen Damina

Farkon wannan labari ya kuɓuce mini. Wani lokaci sai in ga kamar wani ɗan kasuwa ne ya ba ni shi a cikin jirgi, shekarun da nake yawon ƙasashen gabas. Wani lokaci kuma sai in ga kamar a majigin zane na gan shi, irin wanda jikata ba ta gajiya da maimaitawa. Sunan garin ma ya tafi. Amma tunda ka ce an ce ka jira, jiran kuma ya gagare ka, bari in ba ka abin da ya rage.

A wata ƙasa ta mabiya addinin Buddha an yi wani saurayi ɗan fito, mai ƙetarar da mutane kogi a kwale-kwale. Ya kamu da son 'yar wani maginin tukwane da ke bakin gaɓa, ita ma tana sonsa. Da ya je neman aurenta, uban ya dube shi ya ce, "Ɗana, ban ƙi ka ba, amma har yanzu ɗanyen kasko ne kai. Je ka gasu tukuna." A al'adarsu, saurayi kafin ya yi aure yakan shiga gidan sufaye ya yi damina guda. A aske masa kai da gira, ya yafa mayafi ruwan goro, ba ya cin abinci bayan rana ta take, yana koyon zama shiru da rage son zuciya. Saurayi ya damƙa wa wani kwale-kwalensa, ya haye tsallake ya shiga.

Jikinsa kaɗai ya shiga. In aka zauna ana bin numfashi da hankali, shi ƙafarsa rawa take. In aka ba shi tsintsiya ya share ganye, sai ya yi ta shara har tsintsiyar ta kai shi bakin katanga, inda ake hango gaɓar gidan magini. Babban sufin gidan, wani tsoho mara haƙora, ya taɓa ratsowa ta bayansa ya ce, "Wannan kusurwar ta fi ko'ina tsabta a gidan nan." Saurayi ya ji kunya, amma washegari ya koma.

Daga nan ne ya fara ganin wani mutum mai jirgin inji yana tsayawa a gaɓar. Mutumin ya sauka da ƙunshi a hammata, yarinyar da kanta ta fito ta karɓa, su daɗe suna magana tana dariya. Ya sake zuwa, ya kuma sake zuwa. Zuciya ta yi ta saƙa wa saurayi tana kwancewa: ga mai inji, ga shi kuma da ƙwalƙwal ɗin kai ba ko gira, wa za a zaɓa? Ruwan sama ya riga ya fara ja da baya, shinkafa ta sunkuyar da kai, abin da ya rage na zaman bai taka kara ya karya ba. Amma wata safiya da ya sake jin ƙugin injin nan, sai ya je gaban tsohon ya ce a sallame shi. Tsoho bai hana shi ba, don ba a tsare kowa a can. Ya dai ce, "Ka kusa fa." Saurayi ya tuɓe mayafi, ya sa tsohon wandonsa, ya faɗa kogi da iyo don ba zai iya jiran fito ba.

Ya shiga gidan magini yana ɗigar ruwa. A tsakar gida ya tarar da doguwar igiya, an shanya sabon ƙyalle ruwan goro, yarinyar tana tsaye kan tukunyar rini, hannuwanta sun rine har gwiwar hannu. Mai jirgin inji ashe ɗan koli ne, shi ke kawo mata yadi da garin rini. Mayafi take shiryawa na bikin ƙarshen damina, wanda ake kai wa waɗanda suka cika zamansu, don a yafa wa saurayinta a gaban duk garin. Ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce, "Kai da ka iya jiran fasinja tun safe har rana ta faɗi? To, yanzu wa na ɓata wa hannuna?" Uban bai yi faɗa ba. Ya ce tukunyar da aka cire daga wuta ba ta gasu ba, sai an sake haɗa wata wutar, wutar gidan sufaye kuwa sai wata daminar.

Ranar biki saurayi ya karɓi kwale-kwalensa. Shi ya ƙetarar da makaɗa da masu furanni, shi ya ƙetarar da yarinyar da mayafin a naɗe kan cinyarta, tana kallon ruwa. Yana daga gaɓa riƙe da filafilin tuƙi aka yafa wa wani mayafin.

Ban tuna ko sun yi auren ba, kada in yi maka ƙarya. Abu ɗaya dai na tabbatar daga baya, da na tambayi wani mutumin ƙasar: mayafin bikin nan ba a ba da shi sai ga wanda ya cika daminarsa a zaune. Da gaskiyar Hausawa da suka ce, sauri ya haifi nawa.