Muciyar Kullun Waina

Ɗan nan, tunda ka gaya min a waya cewa aikinku na kwamfuta wata rana ya tafi daidai, wata rana ya rikice, kuma da kun zuba masa ido sai ya nutsu kamar ba shi ba, hankalina bai kwanta ba. Ni ban san kwamfuta ba, amma saurari wannan.

An yi wata dattijuwa mai waina a bakin tasha, wadda direbobi kan ƙi karyawa a gida don su ci tata. Da ciniki ya fi ƙarfinta sai ta jawo ƙanwarta, daga baya ta ƙara da matar ɗanta. Kowacce da murhunta da tandarta, amma kullu ɗaya ne, cikin wata ƙatuwar roba a tsakiyarsu. Shi kuwa kullu, in rana ta ɗaga tsami yake ƙarawa, sai an karya shi da ruwan kanwa. Ƙa'idar ba wuya: ki ɗanɗana, in da tsami ki zagaya bayan rumfa inda aka jiƙa kanwa, ki tsiyayo ludayi guda, ki zuba, ki juya.

Ana nan sai waina ta fara fitowa jawur, ga ɗaci a maƙogwaro. Kuma ba kullum ba. Sai a yi kwanaki lafiya lau, rana guda ta ɓaci, a tuttular da kullu. Har wani direba ya ce, "Hajiya, yau waina kika soya mana ko sabulu?" Ƙanwar ta ja yayarta gefe ta ce, "Yaya, tun yaushe muke suya ni da ke, kin taɓa ganin haka? Sai da yarinyar nan ta sa hannu. Baƙin hannu gare ta, ki mayar da ita gida." Yarinya ta ji, ta sunkuyar da kai kan tanda, ta bar hayaƙi ya ɗauki laifin hawayenta. Dattijuwa kuwa ta san in ta sallame ta da wannan suna, zai bi ta har ɗakin aurenta, duk miyar da ta lalace a dangi a ce ita ce. Sai ta ce, "Ba na korar mutum a kan abin da ban gani ba."

Ta sake shinkafa, ta sake kanwa, ta sake mai niƙa, abu bai daina ba. Ta bar wa ƙanwar kullu ita kaɗai yini guda, waina ta yi kyau. Ta bar wa yarinyar, ta yi kyau. Ta ajiye suya ta zauna gaban roba tana gadi, nan ma lafiya, domin duk wadda ta zo sai ta tambaye ta ko an sa kanwa. A nan ta gane idonta ne ke ɓoye cutar. Da ta yi tunanin baya kuma, sai ta ga duk ɓacin nan ranar kasuwa yake faɗowa, lokacin da motoci ke shigowa a jere, kowa kansa ya ɗau zafi. Saboda haka da kasuwa ta zagayo ta ɗaure kai ta ce ciwo yake, ta kwanta a tabarma ta lulluɓa da mayafi, ta bar 'yar kafar leƙe.

Ta ga ƙanwarta ta lakato kullu ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska, ta nufi bayan rumfa. Kafin ta kai, wani ya tare ta yana neman ƙarin miya. Tana can tana zuba masa, yarinyar ta zo ta ɗanɗana, ta ji tsami, ta ruga ta kawo kanwa ta zuba ta juya, ta koma kan tandarta. Ƙanwar ta sallami mai miya, ta tsiyayo nata ludayin, ta taho za ta zuba ba tare da ta sake ɗanɗanawa ba. Don me za ta sake? Ai ta riga ta ji da harshenta. Dattijuwa ta yaye mayafi ta riƙe mata hannu, ta kira yarinyar. "Wa ya ɗanɗana kullun nan?" Su biyu suka ce, "Ni." "Da tsami?" Suka ce wallahi da tsami. Ta ce, "Duk kun yi gaskiya."

Da farko ta ce daga yau ita kaɗai ke gyaran kullu. Sai ya zama in ta tafi salla, suya ta tsaya, masu saye na tsaki. Ta sake shawara. Ɗiba don suya, kowa ya ɗiba, wannan ba ya ɓata komai. Amma muciya ɗaya ce tak. Mai son gyara sai ta fara ɗaukar muciya kafin ta ɗanɗana, ta tafi da ita duk inda za ta, ko da an tare ta a hanya, ba za ta mayar ba sai ta zuba ta juya. Wadda ta leƙa roba ba ta ga muciya ba, ta san wata na hanya, ta kame hannunta. Waina ba ta ƙara yin ja ba. Ƙanwar ta zaɓo masu laushi ta cika faranti, ta tura gaban yarinyar ta ce, "Ci, 'yar nan. Ashe hannunki da nawa launinsu ɗaya."

To ka duba naka da kyau, kada ka yi saurin ɗora wa wani. Cikin matan nan biyu ba wadda ta karya ƙa'ida. Ɓarnar ta shiga ne ta ɗan tsakanin nan, daga ɗanɗanawa zuwa zubawa. Shi ya sa Hausawa suka ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.