Tafiyar Dodon

"Mayar da shi baya," in ji Baba, yana nuna dodon da ke allon kwamfutata.

Wasan kwamfutar da nake haɗawa ne na kammala karatu. Malaminmu ya ce mu yi irin na 'yan fim, mu ɗauki tafiyar mutum mu zana a kanta. Ni kuwa na laɓe na ɗauki Baba yana jan ƙafarsa da ta shanye, na ba dodon tafiyarsa.

"Baba, ka yafe mini."

"Tun da ciwon nan ya same ni, kowa kau da kai yake in na taso. Ke kaɗai kika dube ni." Ya miƙe da ƙyar. "Amma kafaɗar ba haka take ba. Ɗauko kyamarar."