Rautar 'Yar Mubi

Ana fita sallar azahar, ta zame ta zauna a kujerar baƙuwar ajinsu, gaban kwamfutarta.

Wata bakwai tana ta ɗaya a makarantar koyon kwamfuta da ke Arawa, kowa ya san ita malam zai tura kamfanin da ke neman ma'aikaci guda. Sai ga wannan 'yar gudun hijira daga Mubi, mai hijabi ɗaya tal, tana haɗa netwok mara waya a manhajar gwaji kafin ita ta gama saita rauta, na'urar da ke haɗa kwamfutoci. Jiya har malam ya duba na baƙuwar ya ce, "Ku taso ku ga aiki!" Tun daga lokacin take neman hanyar kayar da ita.

Abu kaɗan za ta yi. Ta sauya kalmar sirrin rautar, komai ya yanke, gobe a gaban malam a ga iyakar gwanintar.

Ta buɗe fayil ɗin aikin baƙuwar. Kwamfutoci biyar ne kewaye da rauta, amma ba lambobi aka sa musu ba kamar na kowa. Baba, Dada, Hamma, Fanta, Bobbo. Ta ɗora yatsa a kan madannin kwamfutar ke nan, ta ji motsi a bayanta.

"Adda, in aikin ne, na bar miki," in ji baƙuwar, ruwan alwala na ɗiga daga haɓarta. "Amma don Allah kar ki yanke su, 'yan gidanmu ne. Tun ranar da muka watse a daji nake kiran wayoyinsu. Nan ne kaɗai nake aika saƙo su amsa."