Shaidar Doña Remigia

"Bai zo da niyya ba," in ji Doña Remigia tana kallon alƙali. "Gardamar wasan domino ce ta kaure, zuciya ta ɗebe shi."

Na ɗago kai da sauri. Ni ne lauyan Ovidio, mutumin da ya sare ɗanta Nicasio da adda a ƙofar shagon unguwarsu. Mai gabatar da ƙara ya dage cewa shiryayyen kisa ne, shekara talatin cif. In kuwa kisan fushi ne, hukuncin ba zai kai rabin haka ba. To me zai sa uwar mamaci ta taimake mu?

Ovidio ya raɗa mini, "Lauya, tsohuwar nan ta zauce ne?"

"Rufe mana baki, kai dai."

Alƙali ya yanke masa shekara takwas. Danginsa suka ɓarke da murna, ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya. Na tarar da Doña Remigia a bakin kotu tana shan kofi.

"Doña, ke da bakinki kika gaya wa 'yan sanda ya daɗe yana neman ran ɗanki. Me ya sauya?"

Ta hura kofinta. "Na haura saba'in, ɗana. Talatin ta fi ƙarfina, ƙasa za ta rufe ni kafin ya fito."

"To, takwas fa?"

Ta bi motar da ta ɗauki Ovidio da kallo har ta sha kwana.

"Takwas zan iya jira. Nawa kisan kuwa ba na fushi zai zama ba."