Tudun da Aka Haife Mu

"Danna, Yaya, mun fara hawa," na ce.

Ya danna feda. Tun da idanunsa suka mutu na sa mai walda ya haɗe kekunanmu suka zama ɗaya mai sirdi biyu, ni a gaba, shi a baya. Duk sati muna bin titin da ya ratsa tuddai har zuwa wanda aka haife mu a kansa, ina faɗa masa abin da nake gani.

Abin da ban faɗa masa ba shi ne masu fasa dutse sun cinye tudunmu tun bara, sai fili fetal. In mun iso wurin sai in matse birki kaɗan, keken ya yi nauyi kamar muna hawa.

"Ga tsamiyar Inna can, ta yi 'ya'ya," na ce ina haki.

Ya dafa bayana.

"Auta, saki birkin nan, ka tsufa. Makaho ne ni, ba kurma ba, tun bara nake jin kukansa. Na yi shiru ne don na ga kai ne ba ka shirya rabuwa da tudun ba."