Tsokar Wuyan Farfesa

"Sake faɗa," in ji Farfesa, yana buga rula a kan tebur sau shida. "Ster-no-clei-do-mas-toid."

Ɗalibar ta sake. Harshenta ya harɗe a gaɓa ta uku, kamar dai bara. In ta kuma faɗuwa jarrabawar bakan nan, korarta za a yi, ta koma rumfar mahaifinta mahauci.

"Wanda bai iya kiran sunan tsoka da Turanci ba, bai isa ya taɓa majiyyaci ba," ya ce. Ya waiga da ƙarfi don sauran malamai su gyaɗa masa kai.

Wuyan ya ƙi dawowa. Ya sandare yana kallon bango, idonsa na hawaye. Malaman suka shiga gardama kan sunan ciwon.

Ita kuwa tun tana ƙarama take taya mahaifinta feɗe raguna. Ta zagaya, ta laluba ƙarƙashin kunnensa, ta danna babban yatsa a kan tsokar.

"Ranka ya daɗe, ita ce wannan? Faɗa min sunanta, a hankali."

Farfesa ya buɗe baki. Gaɓa biyu kacal suka fito.

"Way-yo."